Shin katin memori zai iya riƙe aikin had-dis a tsohuwar kwamfuta?

Idan tsohuwar kwamfuta ta ƙi tashi, aka kai ta Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba, mai gyara ya buɗe ta ya ce had-dis ne ya mutu, sannan ya ɗauko wani ɗan kati da bai cika tafin hannu ba ya ce shi zai sa a madadinsa, dole mai kaya ya tsaya ya yi tambaya. Shin wannan gyara ne na gaskiya, ko kuwa dabara ce ta sallamar kwastoma har ya bar shago? Tambayar tana tasowa a tsakanin Hausawan Legas da sana'arsu ta jingina da tsoffin injuna, kuma amsoshin da ake ji sun kasu biyu. Wasu na cewa katin ya fi had-dis ta kowace fuska, wasu kuma na cewa memorin kamara ne kawai, ba zai je ko'ina ba. Gaskiyar ita ce dabarar tana aiki, kuma ta daɗe a hannun masana'antu, sai dai ba da kowane kati ba, ba a kowace kwamfuta ba, sannan yadda kati ke mutuwa ya sha bamban da yadda had-dis ke mutuwa. Wannan bambanci na ƙarshe shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

## Me ya hana a jefar da kwamfutar a sayi sabuwa?

A Turai da Amurka, yawancin masu wannan aiki masu sha'awa ne, waɗanda ke farfaɗo da irin su Amiga 1200 ta 1992 ko kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel 486 domin tsoffin wasanni. A Legas dalilin ya fi karkata ga neman abinci. Injunan ɗab'i irin na Somolu, injunan yankan ƙarfe da katako, na'urorin gwaji na ɗakunan bincike, da injunan yi wa riguna aiki, da yawansu sun shigo ƙasar nan ne na hannu ta tashoshin Apapa da Tin Can, kuma kowanne ya zo da kwamfutar da ke ba shi umarni. Ita kwamfutar ba ta da wata daraja a kasuwa, amma injin da ke rataye a wuyanta jari ne babba.

Ba a iya musanya ta da sabuwa cikin sauƙi saboda dalilai na zahiri. Wata tana ɗauke da allon sarrafa inji wanda ke shiga ramin ISA, ramin da ya ɓace daga sabbin kwamfutoci tun wajajen shekarar 2000. Wata manhajarta ba ta buɗewa sai an maƙala ɗan makullinta a tsohuwar kafar firinta mai ramuka 25. Wata kuma manhajar an rubuta ta ne don DOS, babbar manhajar da ta gabaci Windows, ko Windows 98, kamfanin da ya rubuta ta ya daɗe da rufewa ko ya daina kula ta. Saboda haka idan had-dis ya tsaya, aikin shago ne ya tsaya.

Sabon had-dis irin nata kuwa babu shi. Tsarin haɗa had-dis da waɗannan kwamfutoci ke amfani da shi, wato IDE, ya fito ne a 1986 daga haɗin gwiwar Western Digital da Compaq da Control Data, kuma sabon tsari mai suna SATA ya fara ture shi daga 2003. Kamfanoni sun daina ƙera had-dis na IDE fiye da shekara goma da suka wuce. Duk wanda aka miƙo maka a kasuwa yau, ko an ciro shi daga wata matacciyar kwamfuta, ko ya yi shekaru yana kwance a sito.

## Abin da ke kashe tsohon had-dis

Had-dis inji ne mai motsi. A cikinsa akwai fayafai da ke juyawa sau 3,600 zuwa 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai kan karatu da ke shawagi dab da fuskar faifan ba tare da ya taɓa ta ba. Da tafiyar shekaru man da ke cikin boris yana bushewa, kan karatun yana iya mannewa a jikin faifai idan an daɗe ba a kunna ba, kuma a wasu tsoffin samfura robar da ke tare hannun tana narkewa ta zama danƙo ta riƙe shi. Zafi da damshin Legas ba sa taimakawa.

Sai dai kafin a yanke wa had-dis hukunci, ya kamata a duba ɗan batirin da ke kan babban allon kwamfutar. Tsoffin kwamfutoci suna ajiye bayanin girman had-dis ɗinsu ne da ƙarfin wannan batiri, kuma idan ya mutu sai kwamfuta ta manta cewa tana da had-dis, alhali lafiyarsa ƙalau. Wanda bai san wannan ba zai iya zubar da had-dis mai rai saboda batirin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

## Dalilin da ya sa CompactFlash ya dace, sauran kuma sai da tafinta

Memorin filash, wanda Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980, yana ajiye bayanai ne ta hanyar tsare cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna na silikon, ba tare da wani abu mai motsi ba. Katunan da aka gina a kansa iri-iri ne, kuma ba duka ne ke jin yaren tsohuwar kwamfuta ba.

Katin CompactFlash, wanda SanDisk ya fitar a 1994, shi ne na musamman a wannan fage. Yana da ramuka 50, kuma tun daga tsarinsa na asali an gina masa yanayin da zai amsa umarnin IDE kai tsaye, daidai da yadda had-dis ke amsawa. Abin da ya sa adaftarsa ke da araha ke nan: babu wata ƙwaƙwalwa a cikinta, layukan tagulla ne kawai da ke kai allurai 50 na ɓangaren kati zuwa allurai 40 na faffaɗar wayar IDE, ko 44 idan laftof ce. A kwamfutar tebur adaftar tana karɓar wuta daga ƙaramin fulogin da ake bai wa na'urar fulofi, kuma katin yana aiki da bolt 5 ko 3.3. A wurin kwamfutar, had-dis ne aka sa mata. Wannan ba dabarar bakin titi ba ce, domin na'urorin sadarwa da kwamfutocin masana'antu sun yi shekaru suna fitowa daga kamfani da CompactFlash a matsayin ma'ajiyarsu. Har ma an taɓa yin akasin haka: a 1999 IBM ya fitar da Microdrive, had-dis na gaske mai faifai ɗan inci ɗaya a cikin jikin katin CompactFlash, kuma irinsa ne aka sa a iPod Mini a 2004.

Katin SD, wanda ya zo a 1999 kuma ƙaraminsa ne ke cikin wayoyinmu, ba ya jin IDE ko kaɗan. Adaftarsa tana ɗauke da wata ƙwayar lantarki da ke yin tafinta tsakaninsa da kwamfuta. Yana aiki, kuma ya fi sauƙin samu a Legas nesa ba kusa ba, amma an ƙara mai shiga tsakani, kuma wasu tsoffin kwamfutoci ba sa jituwa da wannan tafinta. Akwai kuma tarkon suna da ya kamata mai saye ya sani: CFast da CFexpress sun yi kama da CompactFlash a suna, amma na farko yaren SATA yake yi, na biyu kuma wani sabon yare mai suna PCIe, kuma babu wanda zai shiga adaftar IDE.

Game da gudu, kada a yi tsammanin abin al'ajabi. Hanyar IDE ta kwamfutocin tsakiyar shekarun 1990 ba ta wuce megabait 16.6 a daƙiƙa a mafi saurinta, don haka katin da aka rubuta masa babban gudu a jiki ba zai wuce abin da hanyar ta ba shi ba. Inda ake jin bambanci shi ne wajen nemo fayil, domin had-dis sai ya motsa hannu ya jira faifai ya zagayo, kati kuwa ba ya jiran komai. Ga rashin ƙara, ga ƙarancin zafi da cin wuta, ga jure girgizar inji.

## Babban kati ba shi ne alheri ba

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Mutum ya saba da cewa memori mai gigabait 64 ya fi mai 2, sai ya sayi babba, kwamfuta kuma ta ƙi ganinsa ko ta sandare tun a farkon tashi. Laifin ba na kati ba ne, na BIOS ne, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin DOS ko Windows su karɓa.

Kwamfutocin da suka fito kafin wajajen 1994 suna ƙirga wurin ajiya ne da silinda da kai da yanki, kuma iyakar ƙirgarsu ita ce silinda 1,024, kai 16, yanki 63, kowane yanki bait 512. Idan aka ninka su ana samun megabait 528, wanda wasu ke rubutawa 504 bisa ɗaya hanyar lissafin. Daga nan aka riƙa faɗaɗa iyakar ana sake cin karo da wata: gigabait 2.1, sai 8.4, sai wajajen 33 a wasu BIOS na ƙarshen shekarun 1990, sai 137 wadda ta fito daga adireshi mai bit 28. Ita ma babbar manhajar tana da nata shingen, domin FAT16, tsarin da MS-DOS ke jera fayiloli da shi, ba ya riƙe kason faifai ɗaya da ya wuce gigabait 2, kuma magajinsa FAT32 bai zo ba sai a bugun Windows 95 na 1996. Don haka ga kwamfutar 386 ko 486, katin megabait 256 ko 512 shi ne daidai, ga ta Windows 98 kuwa gigabait 4 ko 8 ya wadatar. Abin dariyar shi ne irin waɗannan ƙananan katuna sun fi manya wahalar samu yanzu.

Akwai hanyoyin tsallake shingen. Manhajoji irin su Ontrack Disk Manager da EZ-Drive suna zama a farkon faifai su faɗaɗa ƙirgar, akwai kuma XTIDE Universal BIOS da ake ƙonawa a kan ƙwayar lantarki a dasa a kan wani allo. A ganina, ga injin da ake cin abinci da shi, gara a nemi katin da BIOS ke gani da kansa, domin kowane ƙarin mataki wani wuri ne da matsala za ta iya ɓuya, kuma mai gyaran da zai zo gaba ba lallai ya gane abin da na baya ya yi ba.

Sannan katin da aka yi wa fomatin a kamara ko a sabuwar kwamfuta sau da yawa ba ya tayar da tsohuwa, ko da an kwafe masa dukkan fayiloli. Abin da ya fi tabbas shi ne a share shi, a raba shi da FDISK, manhajar DOS ta kasa faifai, a cikin ita kwamfutar da zai zauna, a sanya kason farko ya zama mai tayarwa, a yi fomatin tare da fayilolin tashi, idan ya ƙi kuma a sabunta rubutun farkon faifai da umarnin FDISK /MBR. Katuna da yawa da aka ce ba sa aiki, wannan matakin ne aka tsallake.

## Gardamar lalacewa: wa ke da gaskiya?

Masu shakka suna da hujja. Kowane ɗaki a memorin filash yana da adadin gogewa da sake rubutu da zai iya ɗauka, kamar allon almajiri da ake wankewa a sake rubutawa har fuskarsa ta sile. Nau'in SLC, mai ajiye bit ɗaya a ɗaki, ana ƙiyasta masa kusan sau 100,000. Nau'in MLC, mai bit biyu a ɗaki, yana tsakanin 3,000 da 10,000, TLC mai bit uku kuma ƙasa da haka. Domin kada wuri ɗaya ya riga sauran mutuwa, katin yana da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke rarraba rubutu a dukkan ɗakunan, kuma ingancin wannan rarrabawa yana daga cikin abin da ya raba katin kirki da na banza.

Amma idan aka yi lissafi, tsoron yana raguwa ƙwarai ga DOS. A ɗauki katin gigabait 4 mai jure gogewa 3,000: a takarda zai ɗauki rubutun gigabait 12,000. Kwamfutar da ke rubuta megabait 50 a rana, wanda ya yi yawa ga injin DOS, ba ta kai gigabait 20 a shekara ba. Ko an rage wannan lissafi ninki goma saboda ƙarin rubutun da katin ke yi a cikinsa, sauran sassan kwamfutar za su riga katin gajiya. Karatu kuwa kusan ba ya cinye shi, kuma yawancin aikin irin waɗannan injuna karatu ne.

Labarin yana canzawa idan aka zo Windows 2000 da XP. Waɗannan ba sa hutawa da rubutu: fayil ɗin da suke amfani da shi a matsayin ƙarin RAM, rajista, da bayanan aiki, duk ƙananan rubuce-rubuce ne a warwatse. Katin kamara an gina shi ne don manyan hotuna da ake zubawa a jere, don haka a irin wannan aiki yana tafiyar hawainiya, kwamfuta ta riƙa tsayawa tana ci gaba. Ƙari a kan haka, da yawa daga katunan kasuwa suna gabatar da kansu a matsayin ma'ajiyar da ake cirewa, kuma XP ba ya yarda ya ajiye fayil ɗin ƙarin RAM a irin wannan, sannan kaso ɗaya kawai yake nunawa. DOS da Windows 98 ba su cika damuwa da wannan alama ba. Katunan masana'antu, waɗanda galibi SLC ne kuma suke bayyana a matsayin kafaffen faifai, su ne ke kauce wa matsalolin biyu, amma sun fi tsada. Ga kwamfutar XP, ni dai ina ganin ƙaramin SSD na SATA, wato ma'ajiyar filash da aka ƙera don maye gurbin had-dis, tare da adaftar IDE, ya fi kowane kati.

Abin da masu yabon kati ba sa faɗa shi ne yadda yake mutuwa. Had-dis yakan yi gargaɗi: ƙara, jinkiri, fayil ɗaya ya ƙi buɗewa yau, wani gobe. Kati yana iya aiki lafiya da yamma, da safe kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya lalata taswirar da katin ke gane inda ya ajiye komai, ba fayil ɗaya kaɗai ba. A garin da ake sauyawa tsakanin wutar layi da janareta sau da yawa a yini, UPS, wato na'urar batiri mai riƙe wuta idan an ɗauke, ba kayan ado ba ne ga irin wannan kwamfuta. Haka kuma katin da aka ajiye shekaru babu wuta cajinsa yana zurarewa a hankali, zafi kuma yana gaggauta hakan, don haka bai dace ya zama wurin ajiya ɗaya tilo ba.

## Jabu, da injunan da ba na IDE ba

Araha ba ta ado. Akwai katunan da aka sauya musu bayani su nuna girman da ba su da shi, sai rubutu ya wuce iyakarsu ta gaskiya sannan fayiloli su fara ɓacewa. Manhajar H2testw tana cika kati da bayanai ta sake karantawa, kuma ya dace mai saye ya nemi a yi wannan gwaji kafin a ɗaure kati a cikin inji. A kuma tuna cewa a adaftar IDE ba a cire kati ko sa shi sai an kashe kwamfuta, kuma allurarta guda idan ta lanƙwashe ta isa ta hana komai aiki.

Ba kowace tsohuwar na'ura ce ke da IDE ba. Tsoffin Macintosh da wasu kayan kiɗa irin na Akai suna amfani da wani tsarin haɗi mai suna SCSI, su kuma akwai alluna irin su SCSI2SD da BlueSCSI da ZuluSCSI masu ɗaukar katin SD. IBM PC XT ta 1983, mai had-dis na megabait 10, ta girmi IDE gaba ɗaya, sai an dasa mata allon XT-IDE mai ba ta kafar IDE. Ga teloli masu tsoffin injunan aikin kwamfuta, matsalar galibi ta fulofi ce, wanda Sony ya daina ƙerawa a 2011, kuma maganinta na'urar kwaikwayo ce irin Gotek da ke zama a gurbin fulofi ta karɓi filash.

## Lokacin yin aikin, da makomar tsohon faifai

Babbar ribar kati, a wurina, ba gudu ba ce, sauƙin kwafi ne. Ana iya zare shi, a sa a sabuwar kwamfuta, a ɗauki cikakken kwafinsa daga farko har ƙarshe da manhaja irin Win32 Disk Imager, a zuba a kati na biyu a ajiye kusa da inji. Ranar da na farko ya mutu, musanya ce ta 'yan mintuna. Amma wannan riba tana samuwa ne kawai idan an yi ƙaura tun had-dis yana da rai, domin mai gyara yana iya samo kati da adafta, amma ba zai iya samo manhajar injin da kamfaninsa ya rufe ba, balle saitin da aka yi shekaru ana daidaitawa. Idan had-dis ya riga ya fara ƙara, a daina kunna shi ana gwadawa, a kai shi inda za a kwafe shi sau ɗaya da manhajar ceto irin ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren lafiya kafin ta koma kan masu ciwo. Mafi tsufa daga cikin faifan ma adaftar USB ba ta iya karanta su, sai an haɗa su da wata tsohuwar kwamfuta.

Maigidan da zai ba da irin wannan aiki ya kamata ya tambayi mai gyara wane irin kati ne, nawa ne girmansa, kuma ina kwafi na biyu. Ya kuma gwada injin da aiki na gaske kafin ya biya, saboda wasu manhajojin masana'antu suna ɗaure lasisinsu da lambar had-dis, su ƙi buɗewa idan sun ga baƙo. Wannan ne dalilin da ya sa ba a barin tsohon had-dis a shagon gyara, ba a kuma gaggauta sayar da shi ga 'yan gwangwan. A cikinsa akwai asalin manhajar da wata rana za a iya sake buƙata, akwai kuma sunayen kwastomomi da lissafin shago, waɗanda goge fayil ko fomatin na gaggawa ba ya kawar da su. Idan har za a rabu da shi, sai bayan an tabbatar kwafi biyu suna tayar da inji, sannan a cike shi da sifili daga farko zuwa ƙarshe ko a huda fayafansa.